Murhunmu yana mayar da hayaƙi cikin ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanen maigidana ya kawo mana murhun ɗumama ɗaki daga Faransa, irin mai cin dunƙulen garin katako, mai fanka da ke aiki da kuran (wutar lantarki). Bara mun ci ɗari da shi lafiya lau. Bana da muka kunna shi, wutar ta yi ja, gilashinsa ya yi baƙi ƙirin, yara kuma suna tashi da ciwon kai. Lalacewa ya yi ne?
Uwargida, daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kashe shi yau ɗin nan. Ciwon kan yaran ya fi baƙin gilashin tayar mini da hankali, don wutar da ba ta samun iska tana fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari, ita ce ke kashe masu kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe. In akwai jiri ko amai, a kai su likita.

Murhun kuwa, ina zaton lafiyarsa ƙalau, bututun fitar da hayaƙin ne ya toshe. Tun watan Maris yake zaune ba wuta. Ƙura ta shiga, zanzaro ya samu wurin gini. Na taɓa kwance wani a nan Yamai, na zaro gidan zanzaro uku da sheƙar tsuntsu, mai shi na tsaye yana rantsuwa wai kayan Turawa ba sa toshewa.

A bari ya huce sarai, a cire shi daga kuran. A bayansa, inda bututun ya lanƙwasa ya hau sama, akwai marfi a ƙasa. A tara tsohon kwano a buɗe, za ki ga toka mai laushi kamar garin tuwo tana zuba. Nan ta fi taruwa, da duk inda bututun ya kwanta. Sai a zura burushi mai gashin roba har bakin waje. Na ƙarfe yana karce cikin. Yawancin irin wannan bututun faɗin santimita 8 ne, a nemi burushi daidai da shi. Ƴan ramukan kaskon wutar da ke cikin murhun a tsokace su da ƙusa.

Abin da na fi so maigida ya duba shi ne tsayuwar bututun. In ya huda bango ya fita a kwance kawai, da kuran ya yanke fanka za ta tsaya, hayaƙin ya dawo muku. Maƙeri ya ƙara masa tsawo ya miƙe sama, ya yi masa hula.

A Faransa doka ce a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu da ƙurarmu, a yi a Nuwamba, a sake in ɗari ya wuce, sannan a ɗaure bakinsa da buhu. Buhun kuma a kwance shi kafin a kunna wuta.