Yaya zan saurari faifan Will the Circle Be Unbroken har ya yi mini daɗi?

Tambaya: Wani abokina ya turo mini wannan faifai yana ta kuranta shi. Na saurara, amma a kunnena waƙoƙin duk ɗaya ne, ga surutu da dariya a tsakaninsu. Me ake ji a ciki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, surutun nan da ya dame ka shi ne rabin daɗin faifan. A watan Agustan 1971 wasu samari masu dogon gashi daga Kalifoniya, 'yan ƙungiyar Nitty Gritty Dirt Band, suka je birnin Nashbil suka zauna ɗaki ɗaya da dattawan kiɗan karkarar Amurka, irin su Roy Acuff da Maybelle Carter da Earl Scruggs da Doc Watson da Merle Travis. Lokacin ana yaƙin Biyetnam, kuma tsakanin dattawan Kudu da samari masu wannan shiga ba a ga maciji. Bill Monroe ma ƙin zuwa ya yi. Aka ɗauki kiɗan kai tsaye, aka bar hirar yadda take, ya fito a 1972 cikin faifai uku. A hirar ce za ka ji Doc Watson, wanda makaho ne, yana gaisawa da Merle Travis, gwanin da ya daɗe yana ƙauna har ya raɗa wa ɗansa sunansa. Ni dai wurin nan ya fi wasu waƙoƙin taɓa ni.

Batun duk ɗaya kuwa, kunne ne bai saba ba. Ɗauki abin kiɗa guda ka bi shi daga farkon waƙa zuwa ƙarshe. Fara da banjo, don ba baƙonka ba ne: asalinsa kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne masu ƙoƙo da fata da tsirkiya, dangin gurmi da molo, bayi suka tsallaka teku da fasaharsa. Scruggs da yatsu uku yake kaɗa shi, sautin yana gangarowa ba yankewa. Daga nan koma kan jitar Maybelle Carter: babban yatsanta ne ke fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsun suna sharar siraran tsirkiyoyin, sai ka rantse mutum biyu ne. Gogen Vassar Clements kuwa ka bar shi sai kunnenka ya zauna, yana da yawan lanƙwasa.

Ka kuma lura da yadda suke miƙa wa juna fage. Mai waƙa ya yi baiti, ya ja baya, mai goge ya shigo, samarin suna can baya suna rufa wa dattawa. Kada ka sha faifai ukun a zama ɗaya. Waƙa huɗu ko biyar da dare sun isa, ka maimaita su washegari kana bin wani abin kiɗan daban.