Sunan wani ke fitowa a aikina na Git, kuma an ce in buga 777

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ke amfani da kwamfuta ɗaya mai Ubuntu a shagonmu na Kabuga, kowa da asusunsa. Duk commit ɗin da na yi (wato ajiyar canjin aiki a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli), sunan abokin aikina ke fitowa. Na gyara da sudo (umarnin yin aiki da ikon mai kula da kwamfuta) bai gyaru ba, har commit na yi da sudo, yanzu Git ya hana ni rubutu a .git/objects. Mai gyara ya ce in buga chmod -R 777 (umarnin canza izinin fayiloli) a foldata ta gida. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanina, aikinka na nan daram.

Wuri uku Git ke duba saiti: /etc/gitconfig na kowa da kowa, ~/.gitconfig naka kai kaɗai, sai .git/config na aikin da kake ciki. Na kusa ke danne na nesa. Buga git config --list --show-origin, zai nuna maka fayil ɗin da sunan ya fito. Ina kyautata zaton abokinka da --system ya sa nasa, ya shafi kowa. Gyaranka kuma can /root/.gitconfig ya tafi, don da ka sa sudo ka zama root, wato babban asusu mai iko da komai. Maimaita git config --global user.name "Sunanka", haka ma user.email da imel ɗinka, ba sudo. Fayilolin da root ya mallake kuwa, sudo chown -R $USER: .git a cikin foldar aikin zai dawo maka da su.

To, sai maganar 777, wadda na gaji da jinta. Kusan kullum sai an kawo mini kwamfutar da wani "injiniya" ya yi wa wannan aika-aika, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Gyaran gangar auzinawa ne. Ma'anar 777, kowa ya karanta, ya rubuta ko ya goge, ya kuma gudanar da fayilolin. Ku huɗu ne fa! Makullin SSH ɗinka, wanda kake shiga wata kwamfuta daga nesa da shi, na cikin ~/.ssh, kuma in ka taɓa sa credential.helper store (saitin da ke sa Git ya riƙe kalmar sirri), kalmar sirrinka na kwance tsirara a ~/.git-credentials. Kamar ka ɓalle ƙofar shago ne don kwaɗo ya cije. SSH ma ƙin makullin zai yi sai ka mayar da izininsa 600, wato naka kai kaɗai. Na ga wanda ya yi wa /etc haka, sudo kansa ya daina aiki saboda fayil ɗin sudoers, mai faɗin wa ke da ikon amfani da sudo, ya zama na kowa, muka kai isha'i muna ceto da filashi.

Ka ce wa abokin naka ya cire nasa da sudo git config --system --unset user.name, haka ma user.email.