Hoton Birni Daga Kan Dutsen Dala

Tambaya: Malam, nakan hau Dutsen Dala in ɗauki hoton birni da wayata, domin nan marigayi mahaifina yake kai ni ina yaro, amma da hunturu hotunan suna fitowa fari fat. Ina mafita?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ƙurar hazo ce take warwatsa hasken rana, shi ya sa abin da ke nesa yake dushewa. Ka jira damina, ka hau da sassafe bayan an yi ruwa, ka goge gilashin kyamarar, ka ba rana baya, za ka ga Goron Dutse ya fito sarai. Ni dai na fi so ka ɗauki wurin da kuka saba zama, ka wanke hoton, ka rubuta sunan mahaifinka a baya domin 'ya'yanka.