Amsa kan tace ruwan dattin majema da tantanin osmosis

Malam, ka tambaya ko tantanin osmosis, wato siririyar matatar da take jan ruwa da ƙarfin gishiri, zai iya da ruwan majema, wanda yake toshe matatar da ake tura wa ruwa da matsin famfo. Zai iya, domin ba a tura ruwan da matsi: ruwa mai gishiri sosai ake zubawa a ɗaya gefen tantanin, shi yake janyo tsabtataccen ruwa, ya bar kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi, a baya. Dattin da ya manne ba ya danƙarewa, ɗauraya tana fitar da yawancinsa. Sai dai ruwan gishirin yana tsinkewa, kuma wajen raba shi da gishirin, da famfo ko da zafi, kuɗin wuta yake tafiya. A ganina, a fara tsame gashi da kitse tukuna.