Tamojin gefen ido: shin allurar Botox tana gyara shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Kaduna, shekaruna 44. Kusan shekara biyu ke nan da na lura da wasu layuka a wutsiyar idona, idan na yi dariya sai su fito raɗau. Ƙasan idon ma ya ɗan zurma, ya yi duhu. Yanzu saura wata ɗaya a ɗaura wa 'yata ta fari aure, abin ya tsaya min a rai. Wata mai gyaran jiki ta ce tana yin allurar Botox a shagonta, wai kwana ɗaya layukan za su ɓace. Don Allah allurar nan tana aiki? Tana da illa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Allurar tana aiki, amma sai an san wane irin tamoji ne, kuma sai an san hannun da zai riƙe ta. Gobe da safe ki ɗauki madubi ki tsaya bakin taga, ba kwalli ba hoda. Ki saki fuskarki kamar mai jin barci, ki duba gefen idon. Sannan ki yi dariya sosai, irin wadda ke rufe ido. Layukan da suka fito da dariyar, suka kuma kwanta da kika saki fuska, aikin tsoka ne. Akwai wata tsoka marar kauri da ta kewaye ido kamar zobe, ita ke rufe shi, kuma duk lokacin da ta tsuke sai ta tattaro fata yadda zariya ke tattare bakin wando. Irin waɗannan layukan ne Botox ke yi wa magani. Waɗanda kuwa ke nan daram ko fuska a sake, fatar ce ta riga ta karye, kamar karin guga a jikin shadda. Allura za ta rage musu zurfi, ba za ta share su ba.

Shi Botox asalinsa guba ce da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, irin wadda ke kwantar da mutum idan ya ci gurɓataccen abincin gwangwani. An tace ta, ana amfani da ɗan mitsitsin adadi. Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta yi lakwas, fatar da ke kanta ta miƙe. Ba don kwalliya aka fara yin ta ba. Wani likitan ido a San Francisco, Alan Scott, shi ya fara gwada ta a kan masu harara-garke, kuma a 1989 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita don wannan larura da ta ƙiftawar ido marar tsayawa. A 1987 ne wata likitar ido a Vancouver ta Kanada, Jean Carruthers, ta lura cewa tamojin tsakanin girar masu karɓar allurar na ɓacewa, ita da mijinta Alastair, likitan fata, suka bi diddigin abin. FDA ta amince da ita don layin tsakanin gira a 2002, na gefen ido kuma sai a 2013. Wato magani ne da aka daɗe da sani, ba sabon yayi ba.

Yadda ake yi ba ya cin minti goma. Allurar siririya ce ƙwarai, ana tsira ta sama-sama a wuri uku a gefen kowane ido. Awon da aka saba shi ne yunit 12 a kowane ɓangare, 24 ke nan jimla, ko da yake nakan fara da ƙasa da haka ga wadda ba ta taɓa yi ba, domin ƙari yana da sauƙi, ragi kuwa ba ya yiwuwa. Maganar kwana ɗaya da aka faɗa miki ba gaskiya ba ce. Sai bayan kwana uku zuwa biyar ake fara ganin sauyi, ba ya kammala kamawa sai mako biyu. Yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, daga nan jijiya ta farfaɗo, layukan su dawo yadda suke. Mata da yawa na jin tsoron wai idan aka daina fuska za ta fi da lalacewa. Ba haka ba ne, za ta koma inda take ne kawai.

Illar da aka fi gani ita ce taruwar jini, saboda fatar wurin ba ta da kauri kuma jijiyoyin jini sun yi yawa a ƙarƙashinta. Takan baje cikin mako ɗaya ko biyu, sai dai a baƙar fata wani lokaci takan bar ɗan duhu na wasu makonni. Sauran illolin kusan duk na hannu ne. Dole allurar ta tsaya aƙalla santimita ɗaya a wajen ƙashin da ya kewaye ido. Idan ta matsa ciki, mutum na iya ganin abu biyu-biyu, ko fatar ido ta sauko, ko idon ya riƙa bushewa. Idan ta yi ƙasa da yawa sai ta taɓa tsokar da ke ɗaga leɓe. Na ga wata baiwar Allah da hakan ta faru da ita. Ta shigo ofishina ta rufe baki da gefen mayafi, da ta buɗe ta yi murmushi sai ɓangare ɗaya ya tashi, ɗayan ya tsaya. Babu wani makarin da zan ba ta, sai haƙuri har maganin ya sake ta, kuma makonni ta yi a haka. Saboda haka idan kin yanke shawarar yi, to cikin makon nan ne, don a samu sararin dubawa bayan mako biyu. Idan ya rage kwana goma a yi biki, ki bari sai an watse. Bayan allurar kada ki murza wurin ranar, dilka da tausar fuska su jira kwana biyu. Alwala ba ta hana komai, ki dai shafa ruwan a hankali.

Zurmin ƙasan ido magana ce daban, Botox ba ya cike shi, yana ma iya ƙara wa wurin kumburi idan fatar ta saki. Abin da ake sa wa a nan shi ne allurar ciko, wani sinadari mai yauƙi da ake kira hyaluronic acid, wanda yakan kai wata tara zuwa shekara, wani lokaci fiye. A nan nake fi yin taka-tsantsan. Cikon yana jan ruwa, wurin na iya kumbura ya daɗe bai sace ba. Mafi muni, idan ya faɗa cikin jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin, ko ya makantar da ido. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma an gani, kuma ganin ba ya cika dawowa. Duk wanda zai yi wannan allura dole ya kasance da makarinta, hyaluronidase, a kusa da hannunsa. Ni dai ba zan yi miki ita ana saura wata ɗaya biki ba. Kuma idan duhun na launin fata ne, ciko ba zai taɓa shi ba.

Batun shago kuwa, Hajiya, don Allah kada ki je. Botox magani ne na likita, ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kin kuma san halin wutarmu. Ga jabu. A Amurka ma, a 2024, mata sun kwanta asibiti a jihohi da dama bayan an yi musu allurar jabu ko a hannun waɗanda ba su da lasisi, wasu da wahalar haɗiya, wasu da sarƙewar numfashi. Ki nemi likitan fata, ko na ido, ko na tiyatar gyaran jiki mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Ki ce a nuna miki kwalbar kafin a haɗa, ki karanta sunan da ranar lalacewa. Ki kuma gaya masa idan kina da ciki ko kina shayarwa, ko kina da ciwon raunin tsoka irin myasthenia gravis, ko ana yi miki allurar gentamicin, domin duk waɗannan suna hana a yi. Asfirin da ibuprofen suna ƙara taruwar jini, amma idan likita ne ya ɗora ki a kai kada ki daina da kanki.

Akwai tambayar da nake yi wa duk wadda ta zo da wannan kuka: wane mai kike shafawa? Man bilicin, musamman haɗin da ke ɗauke da clobetasol, yana cinye kaurin fata, kuma kewayen ido yake fara nunawa. Wanda ke da hydroquinone kuma, idan aka daɗe a kansa, duhu yake bari a kan kumatu da gefen ido. Idan kina amfani da irinsu, ki tafi da kwalbar wurin likita a tsara yadda za ki janye a hankali. Sai kuma gani. Malama mai maka jarrabawa da dare tana ƙanƙance ido, tsokar nan take wahalarwa, kuma a shekarunki yawanci lokacin tabarau na karatu ya yi. Ki je a auna miki ido, ki samu baƙin tabarau na shiga rana da man kare hasken rana, ki riƙa shafa mai mai danshi safe da dare idan hunturu ya kama.