Amsa: zagayen Andalus da motar haya cikin kwana takwas

Alhaji, barka da wannan niyya. Tambayarka ita ce ko kwana takwas za su isa ku huɗu, kai da Hajiya da yara biyu, ku ɗauki jif a filin jirgin Malaga ku zaga Ishbiliya (Sevilla) da Kurɗuba (Córdoba) da Granada da Ronda a yankin Andalus na kudancin Sifen, har da ƙauyuka da kagarun kan duwatsu. Za su isa, amma sai ka cire Ishbiliya, kuma ka haƙura da jif ɗin.

Tsofaffin garuruwan nan an gina su ne don ƙafa da jaki, tun kafin a san mota. A unguwar Albaisin ta Granada, da Juderia ta Kurɗuba, da ƙauyuka irin su Setenil da Zuheros, akwai lungunan da sai an naɗe madubin gefe kafin a wuce, ga kwana mai kaifi a kan gangare. Garejin ƙarƙashin ƙasa ma matsattse ne, ginshiƙansa duk sun sha fentin motocin baƙi. Nemi mota daidai Seat Leon ko Golf, ku rage kaya zuwa akwati biyu da jakunkunan goyo, yadda komai zai shige but a rufe. Barin kaya a kan kujera ana ganinsu ta gilashi shi ke jawo a fasa mota a wuraren tsayawar masu yawon buɗe ido. Yawancin motocin haya a Sifen masu giyar hannu ne. In ba ka saba tashi a kan tudu da birkin hannu ba, ka biya ƙarin ka kama otomatik tun makonni kafin tafiya, don idan kuloc ya ƙone ba kasafai inshorar haya take ɗaukarsa ba.

Wajen takardu, lasisin gida shi kaɗai ba ya isa, sai ka haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda a Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke bayarwa, kuma a tafi da su biyun. Inda aka fi samun cikas shi ne katin banki. Kamfanonin haya suna riƙe kuɗin ajiya, sau da yawa sama da Yuro dubu in ba ka sayi cikakkiyar inshorarsu ba, kuma galibi katin kiredit mai sunan direba suke nema. Wanda ya zo da katin cirar kuɗi kawai, ko dai a tilasta masa inshora mai tsada a kan kanta, ko a hana shi motar. Ka karanta wannan sharaɗin kafin ka biya. Zaɓi tsarin karɓar tanki cike a mayar cike. Kafin ka tayar da mota ka ɗauki bidiyonta zagaye guda, har da rim da rufi da gilashin gaba, ka sa a rubuta duk ƙarzar da ba ta cikin takarda. Duba akwai riga mai ƙyalli da fitilar gaggawa ta V16, wadda ta zama wajibi daga Janairun 2026. Yaron da tsawonsa bai wuce santimita 135 ba dole ya zauna baya a kujerar yara. A gidan mai kuma a kula: gasolina fetur ne, gasóleo shi ne man gas. Sunayen sun yi kama, kuma zuba wanda ba shi ba laifin direba ne, shi zai biya.

Hannun dama ake tuƙi kamar gida. Iyakar gudu a babbar hanya kilomita 120 a awa, hanyar karkara 90, cikin gari 30 a titi mai layi ɗaya. Hanyar da lambarta ta fara da AP a kusa da Malaga, wato AP-7 da AP-46, ta kuɗi ce. A-45 da A-92 kyauta ne. A shataletale wanda ke ciki shi ke da hanya, kuma daga layin waje ake fita. Amma abin da ya fi cin kuɗin baƙi ba gudu ba ne, kyamarorin tsakiyar gari ne. Granada da Kurɗuba duk suna da titunan da aka keɓe wa mazauna da tasi da bas, babu shinge, allo ne kawai mai jan zobe, kuma manhajar taswira za ta iya tura ka ciki kai tsaye. Tarar tana zuwa bayan watanni ta hannun kamfanin haya, su kuma su ɗora nasu kuɗin aiki. In otal ɗinka yana cikin irin wannan yanki, ka kira su su faɗa maka ta inda za ka shiga, su kuma shigar da lambar motarka. Mafi sauƙi, ka kama masauki a bakin tsohon gari mai garejinsa, ka ajiye motar kwana biyu ba ka taɓa ta ba. Layi shuɗi a gefen titi na biya ne a inji, rawaya ba a tsayawa, ƙofar da aka rubuta vado kuwa janwe ne zai zo.

Ga yadda zan raba kwanakin. Daga Malaga zuwa Ronda kimanin kilomita 100 ne ta A-357 da A-367, ku kwana biyu. Gadar Ronda da kowa ke ɗauka a hoto an gama ta a 1793, ba ta zamanin Musulmi ba ce. Cikin abin da ya rage na wancan zamani akwai gidan wankan Larabawa a ƙasan gari da ganuwa da ƙofar Almocábar. Ronda ta faɗa hannun Kiristoci a 1485. Yini na biyu na fararen ƙauyuka ne: Setenil mai gidaje a ƙarƙashin dutse, Olvera, sai Zahara de la Sierra da hasumiyarta a saman tsauni. Hanyar da ta haɗa Zahara da Grazalema ta mashigar Las Palomas kyakkyawa ce amma siririya, kwana a kan kwana, kuma yankin na cikin mafi yawan ruwan sama a Sifen. In an tashi da hazo a bar ta. A gangare a sauko da giya ta biyu, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi. Kowane ƙauye, da ka ga filin ajiye motoci na farko a bakin gari ka tsaya nan, sauran a taka.

Kurɗuba kwana biyu. Babban masallacin da sarki Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen 785 ya koma coci tun 1236, kuma ba a barin a yi salla a ciki, masu gadi suna hanawa, gara a sani tun daga gida. Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na uku ya fara a 936, tana kimanin kilomita takwas yamma da gari. Ba a hawa da mota har kangon. A gidan tarihi na ƙasa ake ajiyewa a shiga bas. Ranar Litinin a rufe take. Idan aka ƙara gaba a wannan ɓangaren akwai kagarar Almodóvar del Río a kan tudu saman kogin Guadalquivir, wato Wadil Kabir, yara suna jin daɗinta.

Yinin da ya fi biyan kuɗin hayar motar shi ne na Kurɗuba zuwa Granada ta N-432. Kilomita wajen 165 ne, amma ka ba shi yini sukutum. Hanyar tana ratsa gonakin zaitun iya ganinka, ta Espejo da Baena, sai a ɗan ratse zuwa Zuheros, ƙauyen da kagararsa ke manne da dutse. Tsayawa ta biyu Alcalá la Real, inda kagarar La Mota take, gari guda ne a cikin ganuwa. Kiristoci sun karɓe ta a 1341, ta zama bakin iyaka da masarautar Granada shekara kusan ɗari da hamsin. Daga sama za ka gane dalili, domin ana hango hasumiyoyin tsaro a kan tuddan kewaye. Biyun nan sun isa. Mai son ya haɗa da Alcaudete da Moclín da Montefrío duk a rana ɗaya zai ƙare yana leƙen ƙofofi a rufe, saboda ƙananan kagaru da yawa suna tashi da rana, wasu ma ba kullum suke buɗewa ba. A duba lokutan kowacce tun daren da ya gabaci tafiyar. Hanyar tana da manyan motoci da taraktoci, kada a yi gaggawar wuce su a kan layin da bai tsinke ba.

Granada kwana uku, kuma tikitin Alhambra, kagara da fadojin sarakunan Musulmi na Granada, shi za ka fara saya kafin ma otal, a shafin hukumar da ke kula da ita, don yakan ƙare makonni kafin rana. Tikitin da sunanka yake, da fasfo ake shiga, kuma fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Granada, suna da ƙayyadadden lokaci; wanda ya makara ya rasa. Daga babbar ƙofa zuwa fadojin tafiya ce mai ɗan nisa, a ba ta minti ashirin. Masallacin Juma'a na Albaisin, wanda aka buɗe a 2003, yana dab da dandalin San Nicolás, daga lambunsa ana kallon Alhambra. Yini ɗaya a fita Alpujarra, ƙauyukan Pampaneira da Bubión da Capileira, inda ragowar Musulmi suka yi tawaye a 1568. Har yanzu rufin gidajensu shimfiɗaɗɗe ne na ƙasa kamar soro, kuma magudanan ban ruwa na da suna aiki.

Abinci a ƙauyuka sai da tambaya. Jamón da chorizo naman alade ne, manteca kitsensa ne kuma yana shiga wasu kayan fulawa, har miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, salmorejo, ana barbaɗa mata jamón a sama. Ka riƙe kalma biyu, sin cerdo, wato ban da alade, ka karkata ga kifi da wainar ƙwai da dankali. Gidajen abincin halal suna nan da yawa a Granada wajen titin Calderería. Abincin rana daga ƙarfe biyu ne zuwa huɗu, na dare bayan takwas, shagunan ƙauye suna rufewa da rana da kuma Lahadi, saboda haka a ajiye ruwa da burodi da 'ya'yan itace a mota.

Kada ka sa tafiyar a Yuli ko Agusta, zafin Kurɗuba yana haura digiri 40, hawan kagara da yara a lokacin azaba ce. Afrilu zuwa Mayu ko Oktoba sun fi, sai dai a kauce wa makon Ista, lokacin da ake rufe tituna don jerin gwano kuma kuɗin masauki ke tashi. Kwanan ƙarshe ku yi shi a Malaga, awa ɗaya da rabi ce daga Granada, ka cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi ka riƙe rasit, ka mayar da motar da rana lokacin da akwai ma'aikacin da zai duba ta ya sa hannu.