Amsa: ESP32 da laftof sun ƙi fahimtar juna

Ɗan'uwa, in na gane tambayarka, ESP32 ɗin (ƙaramin allon kwamfuta) da ka kafa a gonar tumatir a Kadawa yana auna damshin ƙasa da MicroPython (yaren Python na ƙananan alluna), kana so laftof ɗinka mai CPython (Python na kwamfuta da aka saba) ya karanta awon amma pickle (hanyar Python ta ajiye bayanai a fayil) ya ƙi. Ka rabu da pickle kawai ka koma JSON, wato tsarin ajiye bayanai a matsayin rubutu. MicroPython ba ya zuwa da pickle irin na CPython, ko wanda ke cikin micropython-lib (tarin ƙarin kayan aikin MicroPython) ma tsarinsu ba ɗaya ba ne, shi kuwa json duk su biyun suna da shi, ka rubuta da json.dumps a gona, kowane awo a layinsa cikin katin memori tunda sabis ba shi da tabbas, in ka dawo gida ka karanta da json.loads.

Amma don Allah ka kula da lokaci, nan ne ake shan wahala. CPython daga 1970 yake fara ƙirga daƙiƙa, MicroPython kuma a wasu allunan daga 2000 yake farawa. Na ga haka a wata gonar shinkafa wajen Hadeja, ranakun ban ruwa duk suka koma baya shekara 30. Ka buga time.gmtime(0) a kan allon, in ya nuna maka 2000 sai ka ƙara 946684800 (daƙiƙoƙin da ke tsakanin 1970 da 2000) a kan kowane lokaci kafin laftof ya fassara shi, kuma ka bar shi a int (cikakkiyar lamba), kar ka mayar da shi float (lamba mai ɗigo).